Lamba Uku a Gindin Katanga

Ni karatuna aji uku ne, sai ɗan yaƙi da jahilci da na yi da girmana, amma idan maganar layi ce ban ga wanda zai koya mini ba. Mutanen Difa duk haka muke. Tun shekarun da tashin hankali ya kwaso mutanen bakin tafki da na bakin kogin Kumadugu ya zube su a gefen titi, muka koyi tsayuwa bayan juna. Ni kaina, lokacin da aka hana mu noman tattasai, na yi layin shinkafa, na yi layin mai, na yi layin sabulu. Na taɓa yin wuni guda a wani layi a Yebi, sai da na kai gaba na tarar allurar awaki ake yi. Ba ni da akuya ko ɗaya.

A wannan tsayuwa na koyi abin da babu shi a littafi. Wanda aka kira sunansa ba ya nan, an wuce shi. Mai rubuta suna mutum ne, yana da ido, kuma fuskar da ya saba gani ita yake tunawa. Sannan idan za ka gusa ka kama ruwa, ka ajiye wani abu a gurbinka. A wasu garuruwa na ji dutse ake ajiyewa. Mu nan rairayi ne, sai ka yi tafiyar wuni ba ka samu dutsen jifan kare ba, don haka takalmi muke ajiyewa, ko jarka, ko murfin tukunya.

Babbar ɗiyata sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na faɗinsa, Uwata nake ce mata. Ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta nemi jami'a, sashen aikin gona. Ba ni na sa ta ba. Da tawa za a bi, likita za ta zama, ko mai zama a biro, wato ofis, ƙarƙashin fanka, don ban ga dalilin da mutum zai yi shekara goma sha uku a makaranta ya dawo wajen taki ba. Ita kuwa tun tana ƙarama take bi na garka, tana juya ganyen tattasai tana leƙa bayansa. Akwai wata cuta da ke nannaɗe mana ganye kamar an murza shi a tafin hannu. Mu sai mu ce daga Allah ne, mu fesa abin da mai shago ya ba mu. Ita ta ce lalle daga Allah ne, amma tana so ta san ta hannun wa ya aiko.

Shekarar farko sunanta bai fito ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce a da roƙon yara ake yi su zo, shi ya sa ɗan maƙwabcinmu, wanda ya ci bak da ƙyar kamar an jawo shi daga rijiya, aka ɗauke shi ba ko tambaya. Yanzu masu cin bak sun yi yawa, kujeru suna nan yadda suke, kowace shekara ƙofar ƙara matsewa take yi. Inji ne ke jera sunaye bisa maki, ya yanke a inda kujeru suka ƙare, ita kuma ƙasa da wurin yankan ta faɗo, da ɗan kaɗan.

Na saurare ta har ta gama. Na ce ranar da aka fitar da sunayen ina take? Ta ce tana ɗaki. Na ce to. A raina na riga na gane inda matsalar take.

Ta yi shekara guda a gida tana karatu, ta sake zama jarrabawar, makinta ya ƙaru, ta sake nema. Sai wata rana na ji tana gaya wa uwarta cewa idan wannan karon ma ba a ɗauke ta ba, ta gama, za ta sa takardun a adaka ta rufe. Ba da kuka ta faɗa ba, tana tsintar shinkafa ta faɗa, kuma abin da ya tsorata ni ke nan. Yarinyar nan idan ta yi kuka ana iya lallashinta. Idan ta yi magana a hankali, an wuce wurin.

Washegarin ranar da ta kai dosiyenta, wato tarin takardun neman shiga, na je in ga wurin da idona. Biro ne mai taga ɗaya, da doguwar katanga, da itacen dogon yaro guda biyu. A jikin katangar akwai tabon gam da guntayen tsofaffin takardu da rana ta cinye. Na ce yauwa, nan ake liƙawa. Da na sauke ido sai na ga wata jarka rawaya a tsaye a gindin katangar, bayanta kuma takalmin soja ƙafa ɗaya. An riga ni.

Mai jarkar wata dattijuwa ce daga Barwa, mai bandar kifi a da, kafin gudu ya kawo ta gari. Jikanta take jira wa. Tana zaune a inuwa tana jan carbi, ta dube ni ta ce da Hausarta ta Barebari, "Kai ma naka yana ciki? To ajiye abinka, ana zuwa." Iya muke ce mata. Mai takalmin kuwa tsohon soja ne daga yamma, aiki ya kawo shi Difa, ya yi ritaya ya kasa komawa. Kowa Ajidan yake ce masa, muƙaminsa na soja. Ɗansa ma sashen aikin gona ya nema, shi ma karo na biyu.

Ban tsaya doguwar gaisuwa ba. Na koma gida na ɗauko kan wani mataccen injin ban-ruwa, ƙarfen da ko ɓarawo sai ya yi shawara kafin ya taɓa, na kawo na dire bayan takalmin. Lamba uku.

Mai gadi ya fito ya ce mana babu wani layi, sunaye ta waya za su fito. Muka ce to, mun gode. Duk mai gadin da na sani haka yake cewa, ranar rabo kuma ka ga ƙanwar matarsa a gaba. Bayan kwana biyu wani ma'aikaci mai tabarau ya fito ya yi mana dogon jawabi da Faransanci, yana ɗaga waya, yana nuna katanga, yana girgiza kai. Da ya shige muka tambayi Ajidan abin da ya ce. Ajidan ya ce, "Ya ce a yi haƙuri."

Cikin mako guda layin ya kai ƙarshen katanga ya karya kwana. Akwai tayar keke, akwai fasasshen turmi, akwai buta, akwai kujerar roba mai ƙafa uku. Wani Bafulatani daga wajen Ngelbeli ya kafa sandarsa a rairayi. Wani Alhaji ɗan Damagaram mai shagon atamfa ya kawo dutsen awo. Da abin ya yi yawa aka fara rigima, mai buta ya rantse an matsar masa da ita bayan tafiyarsa. Sai Ajidan ya sayi littafi, ya rubuta kowa da lambarsa, ya kafa doka. Kiran suna sau biyu, da hantsi da bayan la'asar. Wanda ya rasa biyu a jere, kayansa su koma ƙarshe. Ba a amsa wa wani. Alhaji ya nemi a bar shi ya riƙa amsawa ta waya saboda shago, Ajidan ya ce a soja ba a taɓa yin fareti ta waya ba. Sai ga Alhaji kullum da babbar riga yana amsa "ina nan" a bayan mai turmi.

Wajen sutura ne aka samu saɓani. Iya ta ce a duk layin da ta yi, mai kaya masu kyau tsallake shi ake yi, don haka kowa ya zo da tsummansa. Ajidan ya ce wannan jami'a ce ba rabon masara ba, mutanen kirki ake nema, shi ya sa yake zuwa da gugaggen kaki. Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba, sai na riƙa yi musu kwana-kwana. Yau yagaggiyar rigar garka, gobe ta sallah. Maiɗakina ta tambaye ni ko wani aiki na samu mai sauyin kaya.

Yaran da ake yi dominsu ba sa zuwa, kunya suke ji. Suna gida suna shafa waya kamar masu lallashin jariri. Uwata ta rame har wuyanta ya ƙara tsawo. Ko wanka za ta shiga sai ta rataye wayar a ƙusa inda za ta ji. Ranar da saƙo ya shigo tana tuƙa tuwo, ta saki muciya ta yi ɗaki da gudu, ashe kamfanin waya ne ke tallar waƙa. Mun ci tuwo mai gudaji a ranar.

Mu ma a gindin katanga ba mu fi su ba. Muna kwatanta makin ƴaƴanmu kamar farashin buhu a kasuwa, kowa yana ɗan ƙara wa nasa. Kullum da labarin da ke zuwa. An rage kujeru. A'a, an ƙara. Injin ya lalace, an aika Yamai a kawo wani. Duk wanda ya nufo katanga da takarda a hannu sai mu miƙe gaba ɗaya. Sau ɗaya wani ya zo da gam ya liƙa farar takarda, muka yi kanta, Iya har carbinta ya tsinke. Ajidan ya sa tabarau ya karanta mana. Cigiyar raƙumi ce.

Ana haka lokacin dashe ya yi. Garkata tana bakin kogi, gabas da gari, tafiyar rabin wuni idan shingayen soja sun yi maka sauƙi. Tattasai ba ya jira. Idan irin ya girma a wurin reno bai koma fangali ba, ya tsufa a tsaye, kuma da zarar an dasa sai ruwa a kan kari. Ƙanena yana can da iyalinsa, amma tasa garkar ma ta ishe shi. Na duba na ga idan na tafi ko da na kwana ɗaya ne, na rasa kira biyu, ƙarfena ya koma bayan kujerar roba.

Uwata ta same ni ina cin abinci. Ta ce, "Baba, don Allah ka bar ƙarfen nan ka tafi garka. Layin nan ba ya yin komai. Injin bai san kana zaune ba."

Na ce, "Injin wa ke kunna shi?"

Ta ce mutum.

"Mutumin ta ina yake shiga biro?"

Ban jira ta amsa ba, na ci gaba.

"Ta gabana yake wucewa da ƴar jakarsa. Kullum sai na gaishe shi. Jiya har ya amsa."

Ta yi mini irin kallon da kakarta ke yi mini ina yaro idan na dawo daga kiwo dabbobi ba su cika ba. Sai ta ce to, tunda na ɗauke mata jira, ita za ta ɗauke mini dashe, dama zaman ɗakin ya kusa haukata ta. Maiɗakina ta ce can fa babu rezo. Gaskiya ne, a garka wayar ƙasarmu ba ta kamawa, sai ta tsallaken kogi ce ke leƙowa ta koma kamar maƙwabciya mai neman gishiri. Uwata ta ce akwai wani tudu bayan garkar ƙanena, idan mutum ya hau ya ɗaga hannu yana kamawa, za ta riƙa hawa kullum. Na ce kada ma ta wahalar da kanta, ai ina bakin katanga, ni zan fara gani. Ta ba ni rasit ɗin dosiyenta mai lambarta a jiki, na ninke na sa cikin hula. Na raka ta tasha ina jin daɗin yadda na tsara gidana.

Kwana goma sha ɗaya da tafiyarta, ranar Laraba, mun gama amsa kiran hantsi muna zaune, sai muka ga abin da ba mu saba gani ba, wato yara a titi. Wata yarinya ta wuce da gudu, gyale a hannu. Wani saurayi ya zo ya zauna a kan turmin mutane ya rufe fuska. Muka dubi katanga, babu komai sai cigiyar raƙumi. Sai ga ɗan Ajidan, dogon yaro mai sanyin magana, ya zo ya durƙusa gaban ubansa. Ya ce sunaye sun fito tun jiya da yamma, ta waya. Wanda aka ɗauka dole ya zo da kansa da takardunsa na asali ya sa hannu. Sauran sassa suna da har Asabar, amma sashen aikin gona sha biyun ranar Alhamis ake rufewa. Wanda bai zo ba, a ba na bayansa kujerar.

Jikan Iya ya samu. Ɗan Alhaji bai samu ba, Alhaji ya ɗauki dutsen awonsa ya tafi babu sallama. Na cire hula, na miƙa wa yaron rasit. Ya danna, ya jira, ya sake dannawa. Ya ce, "Baba, an ɗauke ta." Na ce alhamdu lillahi, na zauna a kan ƙarfena. Can na tuna ban tambaye shi nasa ba. Ya ce shi yana cikin masu jiran ko wani zai fasa, kuma shi ne na farkonsu.

Sai da na ɗan jima kafin maganar ta shiga kaina. Sashensu ɗaya. Idan Uwata ba ta iso gobe kafin sha biyu ba, kujerarta ta wannan yaron ce. Shi ya sani, ubansa ma ya sani. Na kira wayarta sau bakwai, wata mata tana gaya mini da Faransanci abin da ko ba a fassara ba na gane. Na kira ƙanena, matar nan ce dai.

Ajidan ya rufe littafinsa. Ya ce, "Lamba uku, me kake jira? Tashi ka ɗauko ta."

Na ce kiran la'asar fa?

Ya dube ni kamar zai mare ni. Har yau idan na tuna tambayar nan kunya nake ji, amma na yi ta.

Na biya gida na ce wa maiɗakina gobe da safe ta kai takardun Uwata na asali bakin katanga ta jira mu. Ta ce waɗanne ne na asali? Na ce masu hatimi. Na samu mota mai buɗaɗɗen baya, muka kama hanya. Kowane shinge sai kowa ya sauka, ya nuna kati, ya taka da ƙafa ya wuce, sannan a sake hawa. A shinge na biyu na gaya wa sojan cewa ɗiyata ta samu jami'a. Ya ce barka, ɗaga riga. Inda mota ke ajiye mu na tarar kogi ya cika ya shanye hanyar ƙafa. Na naɗe wando, na ɗora waya a ka, na shiga ruwa har ƙugu. Tudun nan na rezo na hango shi can tsakiyar ruwa da balbelu a kansa. Kwana shida ke nan babu mai hawansa sai su.

Rana ta kusa faɗuwa na isa. Na tarar da ita a bakin hanyar ruwa, taɓo har gwiwa, ta kwance wani abu a jikin inji tana hurawa. Fangalina duk an dasa, a miƙe kamar da zare aka ja, ba irin dashena ba mai kama da sawun jaki. Har ta murmure. Da ta gan ni a jiƙe ta zaci rasuwa aka yi.

Na ce, "Uwata, an ɗauke ki."

Ta ajiye abin hannunta a hankali. Ta ce, "A katanga ka gani, Baba?"

Na ce a'a, a waya.

Ta ɗauki abin injin ta ci gaba da hurawa. Da ta faɗi wata magana da ya fi mini sauƙi. Na gaya mata sauran, maganar sha biyu da sa hannu. Ta dubi rana, ta dubi ruwa. Sojoji suna rufe hanya da magariba, babu mai wucewa sai gari ya waye. Ta tambaye ni labarin ɗan Ajidan, na gaya mata inda sunansa yake. Ta ce shekarar nan da ta yi a gida shi ya riƙa koya mata lissafi. Ban san wannan ba sai ranar.

Ana sallame asuba muka tashi. Ƙanena ya ƙetarar da mu a kwalekwale, daga nan amalanke, daga nan muka tsaya bakin titi. Motar farko cike take da buhuna, ta biyu ba ta tsaya ba, ta uku ta tsaya amma direban sai da ya sha shayi ya ƙara. Uwata da kayan garka ta taho, don jakarta ta faɗa ruwa wajen shiga kwalekwale. Ni na riƙe jakar. Kowane shinge ina duban rana, tana hawa kamar ana tura ta. Sha ɗaya da rabi ta gota muka sauka a tasha, muka zuba da gudu. Ni rabona da gudu tun ranar da aka ce ana rabon katifa.

Bakin biro ya cika maƙil. An ce wa sauran sassa suna da har Asabar, amma ɗan Difa bai yarda da Asabar ba, kowa Alhamis ya zo, taga kuma ɗaya. Daga baya na ji yadda aka yi. Da safe an yi turereniya har ƙyauren taga ya kusa ɓallewa, mai gadi ya rasa ta yi, ya waiga ya ga layi ɗaya ne tak a wurin mai littafi. Ya zo ya roƙi Ajidan, mai gadin nan da ya yi wata guda yana ce mana babu layi. Ajidan ya jera ƴaƴan masu lamba a gaba, sauran a baya bisa isowarsu. Ƙarshen layin yana can wajen masu shayi. Duk wanda ya tsaya can sai dai ya yi azahar a tsaye.

Maiɗakina tana zaune a kan adaka. Duka ta ɗoro ta a baro ta kawo, don ta buɗe ta ga kowace takarda da hatiminta, har katin rigakafi da rasit ɗin injina. Uwata ta zaro nata, muka nufi gaba. Ƙarfena yana nan inda na bar shi, ba don an girmama ni ba, don babu wanda ya ga zai iya ɗauka.

Mai kujerar roba ne ya tare mu. Shi an taɓa mayar da shi baya don ya je sunan jikansa, kuma bai manta ba. Ya ce doka doka ce, lamba uku ya rasa la'asar ya rasa hantsi, ya koma ƙarshe. Mai buta ya ce haka ne. Na ce musu nasu har Asabar ne, namu saura minti kaɗan, suka ce kowa haka yake cewa. Gaskiyarsu, ni ma da haka zan ce. Aka yi ta hayaniya, sannan kowa ya juya ya dubi Ajidan. Ɗansa yana tsaye a gindin dogon yaro da takardunsa a hannu. Ƴan sashen aikin gona duk sun sa hannu tun da safe, saura mutum ɗaya. Ajidan ba ya buƙatar yin ƙarya ko mugunta. Dokarsa kawai zai karanta.

Ya buɗe littafin ya daɗe yana dubawa, alhali ya san abin da ke ciki. Sannan ya ce, "Lamba uku bai yi fashi ba. Ni na aike shi. Wanda kwamanda ya tura aiki ba a rubuta masa fashi."

Mai kujerar roba ya ce wannan dokar yaushe aka yi ta? Ajidan ya ce tun kafin a haife shi. Iya, wadda jikanta ya gama tun da hantsi amma ta ƙi tafiya, ta ce ita shaida ce, a gabanta aka aike ni, kuma mai ja ya zo ya ja da ita. Babu wanda ya zo.

Uwata ta rusuna gaban Ajidan. Ya ce, "Wuce, ɗiyata, agogo ba ya jiran gaisuwa." Ta waiga wajen dogon yaro. Yaron ya ɗaga mata hannu, alamar ta tafi. Ta isa taga da busasshen taɓo a ƙafa. Ma'aikacin nan mai tabarau ya dubi takarda, ya dubi ƙafar, ya ce wannan ai ta riga ta fara karatun. Ƙarar hatimin daga inda nake na ji ta. Saura minti bakwai a agogon Ajidan. Ina share gumi sai ga mutumin nan mai ƴar jaka da nake gaisarwa kullum ya fito. Na tambayi mai gadi ko shi ne mai injin. Ya ce a'a, mai gyaran fanka ne.

Ɗan Ajidan bai samu ba a shekarar, babu wanda ya fasa. Da muka yi tsinkar fari na kai musu buhun tattasai har gida. Ajidan ya karɓa, ya ce in daina yi masa kallon waliyyi, shi littafinsa ya bi.

Uwata ta gama shekarar farko. Ta ce cutar nan wani ɗan farin ƙwaro ne ke kawo ta, yana maƙale a bayan ganye, kuma rabin abin da nake fesawa wanka kawai nake yi masa. Amma a kan maganar shigarta har yau ba mu daidaita ba. Ni na ce ƙarfe ne ya shigar da ita. Ita ta ce maki ne, kuma ba don ƙarfen ba da tana ɗakinta da rezo a cike, ta je da silifas ta sa hannu tun Laraba. Uwarta tana bayanta. Ina da amsa, amma tana da tsawo, ni kuma na gaji.

Bana ɗan Ajidan ya sake nema, karo na uku. Ranar da ya kai dosiye na bi ta wajen, na ga takalmin soja a gindin katanga shi kaɗai, Ajidan yana inuwa da sabon littafi. Na ce masa ai yanzu ya san ta waya za su fito. Ya ce ya sani. Ya ce a gida yaron yana kallon waya, uwar tana kallon yaron, shi kuma ba shi da abin kallo.

Ba ni da kowa a cikin masu nema bana. Na koma gida na ɗauko ƙarfen, na dire bayan takalmin. Ya rubuta ni lamba biyu. Ya ce kira da hantsi ne da bayan la'asar, kuma wannan karon babu aike.